Wai su waye Amurkawan nan da ke bin tawagarsu har ƙasashen waje, kuma wa ke biya musu?

Ɗan Autan Hajiya:

Salam 'yan uwa masu bin harkar tamaula. Wata tambaya ce ta daɗe tana cina nace bari dai in kawo ta nan ko a samu mai warware min. Mu dai tun tasowarmu abin da muke ji shi ne Amurkawa ba ruwansu da ƙwallon ƙafa, nasu shi ne ƙwallon kwando da wancan da ake sa hular kwano ana ture-ture da kuma wanda ake bugawa da sanda. To amma duk sanda aka zo gasar cin kofin duniya sai kaga kyamara ta hasko su sun cika ɓangare guda na fili, sun shafe fuska da fenti, wani ya ɗaura tuta a wuya wani ya kifa kan mikiya a kansa, ana ta kaɗa ganga ana tsalle. A Katar haka na gansu a talabijin, a Brazil ma haka, har naji ance a 2014 in ka cire masu masaukin baƙi babu ƙasar da ta kai su sayen tikiti. Abin ya ɗaure min kai wlh.

Shin gwamnatinsu ce ke kwasarsu ta kai su ko hukumar ƙwallonsu? Ko kuwa masu kuɗi ne kawai da suka fito yawon buɗe ido suka fake da ƙwallo? Don ni ban ga abin da zai sa mutum ya kashe dubban daloli ya bi tawagar da tun kwata fainal ɗin da ta kai a 2002 har zuwa Katar bata sake wuce zagaye na biyu ba. Da Brazil ce ko Ajantina sai ince to akwai abin kallo. Waɗanda ke zaune can da waɗanda suka taɓa haɗuwa da su a fili don Allah ku faɗa mana gaskiyar lamari.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni a Amurka nake zaune da iyali kuma ina hulɗa da irin mutanen da kake magana a kai, don haka bari in fara da cire maka maganar gwamnati, ko sisin kwabo bata ba su. Ita hukumar ƙwallon ma ba ta gwamnati bace, da kuɗin tikiti da na talla da na talabijin take gudanar da kanta, kuma ba ta ɗaukar nauyin ɗan kallo. Abin da kawai take yi shi ne raba tikitin da FIFA ke ware wa kowace ƙasa mai wasa, wajen kashi 8 cikin ɗari na kujerun da ake sayarwa a filin, shi ma saya zaka yi kuma sai ka yi rajista da su ka shiga ƙuri'a, in ta faɗo kanka to, in bata faɗo ba ka koma layin kowa da kowa.

Waɗanda kake gani da ganga yawancinsu 'yan wata ƙungiya ce American Outlaws. Wasu samari ne suka kafa ta a 2007 a garin Lincoln na jihar Nebraska, wato tsakiyar ƙasar inda ko babban kulob ɗin ƙwallo babu, sai gonakin masara. Kafin su akwai Sam's Army da ta fito bayan gasar 1994 da aka yi a nan, masu sa jajayen riguna, su suka fara al'adar a taru a bayan raga a tsaya a tsaye har a tashi, daga baya suka yi sanyi waɗannan suka karɓe. Yanzu rassansu sun kai wajen ɗari biyu, kusan kowane babban gari akwai, kowane reshe da gidan kallonsa, kuma ba sai na ɓoye muku ba yawanci mashaya ce. Kuɗin rajista na shekara bai taka kara ya karya ba, a baka riga da ƙyallen ɗaurawa, amfaninsa dai shi ne in za a tafi wasa ka samu kujera a ɓangarensu kuma ba kai kaɗai zaka tafi ba. Tsarinsu ɗaya ne ko a gida ko a waje, daren jajibirin wasa a yi taro a san juna, ranar wasa a haɗu wuri ɗaya tun da sauran awanni, sannan a taka a ƙafa ana waƙa har ƙofar fili.

A 2014 shatar jirage suka yi daga Houston kai tsaye zuwa Natal, kamar dai jirgin alhazai, mutum ya biya kuɗi dunƙule ɗaya an haɗa masa jirgi da otal da zirga-zirga. Kuma gasar nan ta wahalar da su don an warwatsa musu wasanni, na farko da Gana a Natal, na biyu da Fotugal can Manaus tsakiyar dajin Amazon inda zafi da gumi ba a magana, na uku da Jamus a Recife ranar da ruwan sama ya cinye tituna har wasu suka sauka daga mota suka ƙarasa a ƙafa cikin ruwa. Ita kanta tawagar da ta sauka a Sao Paulo ta ci wajen kilomita 14,000 a sama a wasannin rukuni kaɗai. Amma duk wanda ya je zai ce maka ya fanshe kuɗinsa tun ranar farko, Dempsey ya ci Gana cikin daƙiƙa talatin, Gana ta farke, sai John Brooks ya sa kai a minti na 86. Ka tuna Gana ce ta kore su a 2006 ta sake korarsu a 2010, to ka ƙiyasta yadda ɓangarensu ya rikice.

Batun masu kuɗi kuma, eh akwai su, amma abin da ya fi kuɗin tsada a nan shi ne hutu. Babu dokar tarayya da ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi, da yawa sati biyu ne kacal rabonsu, wasannin rukuni kuwa da zuwa da dawowa sun cinye sati biyun nan tas. Akwai wani abokin aikina Bature mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba wani mai hali bane, motarsa ma tsohuwa ce ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa. Asusu daban ya buɗe a banki, duk albashi ana zare wani abu ana jefawa ciki daga wannan gasa zuwa waccan, kuma shekarar gasa ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo aiki don kar a taɓa masa kwanakinsa. Na taɓa shiga garejinsa, bango guda ya rataye mayafan wuya na ƙwallo, kowane da sunan garin da ya samo shi rubuce da alƙalami a jikin ɗan farin ƙyallen gefe, wasu ma na abokan hamayya ne da suka yi musaya bayan an tashi wasa. Matarsa tace kuɗin gyaran kicin ɗinta ne rataye a bangon nan. Irin waɗannan su ne ƙashin bayan tafiyar ƙanina.

Sarkin Gardama:

Baban Khalifa yaya na gaishe ka amma wlh ka shafa musu mai da yawa. Wannan lissafin tikitin da ake ta yaɗawa akwai lauje cikin naɗi. FIFA ba tambayarka take wa kake goyon baya ba, adireshin da ka sayi tikiti da shi take dubawa. Eh a 2014 an sayi kusan tikiti 200,000 daga Amurka, ba musu. To a 2018 fa? Tawagar Amurka ko Rasha bata je ba, tana gida tana kallo kamar ni da kai, amma duk da haka an sayi sama da 88,000 daga Amurka, babu wata ƙasar waje da ta kai ta. Su waye suka saya? Wa suka je yi wa tafi? Ai amsar a fili take, 'yan asalin Meziko da ke zaune a Amurka sun haura miliyan 35, ga 'yan Kolombiya ga 'yan Peru da rabonsu da gasar tun 1982, ga 'yan Ajantina, mutum yana da dala a aljihu da fasfo mai shiga ko'ina amma zuciyarsa tana ƙasar iyayensa. Duk sai a tattara a rubuta Amurka.

Kuma in kana son ka san matsayin tawagar nan a cikin gidanta ka tuna wasan ƙarshe na Gold Cup, wato gasar ƙasashen yankinsu, a 2011 a filin Rose Bowl na Kalifoniya, mutum sama da 93,000 amma kusan duk koren rigar Meziko ne, Amurka ta fara cin biyu Meziko ta farke ta ƙara biyu aka tashi 4-2, filin ya ɗauki ihu kamar a birnin Meziko ake. Har golansu Tim Howard ya fito yana faɗa wai an yi bikin ba da kofi da Sifaniyanci a ƙasarsu. A 2025 ma aka maimaita a Houston, Meziko ta ci 2-1 gaban taron da yawancinsa nata ne. Mutanen da ba su iya cika filin gidansu ba su ne za a ce min sun fi kowa bin tawaga waje?

Ko a 2006 da aka yi ta zuzuta yadda suka cika fili a wasansu da Italiya da aka tashi 1-1, a Kaiserslautern fa aka yi, gefen sansanin sojin samansu na Ramstein, dubban sojoji da iyalansu ne a yankin, mota kawai suka shiga. Ni a ganina ƙanina Ɗan Auta tambayarka ta biyu ita ce daidai, ƙarfin aljihu ne da ƙarfin fasfo. Ka ba talakan Maroko ko na Senegal irin wannan albashin da irin wannan fasfon da ba a tsayar da shi a ofishin jakadanci kaga ikon Allah.

Tsohon Gola:

Sarkin Gardama ɗana, yau kam gardamar taka akwai nama a jikinta, lissafin tikitin nan yadda ka faɗa haka yake. Amma ka tsaya a rabin hanya. Ni na girme ku a kallon ƙwallo kuma abin da zan ce shi ne ku daina auna magoyin baya da gasar cin kofin duniya, don ita biki ce, kowa na son zuwa, har wanda bai san satar gida ba. In kana son ka ga na gaske ka duba wanda ke bin su wasannin neman gurbi a yankinsu, inda babu shagali babu kyamarar duniya, sai zagi da jifa.

Ka ɗauki Azteca na birnin Meziko. Filin nan yana kan tudu mita 2,200 daga teku, ɗan wasan da bai saba ba minti ashirin ya fara haki, balle ɗan kallon da za a hau da shi matakala har can ƙololuwa. Don nan ake ajiye baƙi, can sama a lungu ɗaya, 'yan ɗaruruwa a tsakiyar mutum dubu tamanin da wani abu. Ba a barinsu su zo ɗai-ɗai, a otal ake tara su a zuba a bas 'yan sanda na gaba na baya, a cikin filin kuma 'yan kwantar da tarzoma masu garkuwa su yi musu zobe. Ana taken ƙasarsu ana musu ihu. In Meziko ta ci a yi musu ruwan kofunan giya don murna, in Amurka ta ci a yi musu don haushi, kuma waɗanda suka je suna cewa ba kowane kofi ne giya a cikinsa ba. To mutum ya san duk wannan, ya kuma san tarihin wurin, tun 1937 suke zuwa Meziko basu taɓa cin wasa a can ba sai a watan Agustan 2012, shekara 75 kenan, shi ma wasan sada zumunta ne 1-0. A wasan neman gurbi kuwa iyakarsu canjaras, 1997 da 2013 da 2017 da 2022. Na 2017 ɗin nan shi ne Michael Bradley ya hango Ochoa ya fito daga raga ya ɗaga masa ita daga kusan tsakiyar fili tun minti na shida, filin ya yi tsit sai ɗan lungun nan na sama kaɗai ke tsalle. Wanda ya biya jirgi ya je don wannan kar ka ce min yawon buɗe ido ya je.

Kosta Rika ma haka, basu taɓa cin wasan neman gurbi a can ba, a Nuwamban 2016 huɗu da nema aka yi musu har kocinsu Klinsmann ya rasa aikinsa. Ga San Pedro Sula a Honduras inda ake sa musu wasa da tsakar rana don zafi ya gasa su. Akwai ma 2008 da suka je Havana wasa da Kyuba lokacin da dokar ƙasarsu ta hana ɗan Amurka zuwa can yawo, wasu 'yan tsiraru suka zagaya ta wata ƙasa suka shiga, suka zauna a fili sun rufe fuskokinsu da ƙyallen tuta don kar a gane su a gida a ci su tara.

Sai Couva. Ranar 10 ga Oktoban 2017, ƙaramin fili a Trinidad, ruwa ya kwanta a gefensa har a wajen atisaye sai da aka goya wasu 'yan wasa aka tsallakar da su, kujeru yawanci babu kowa don ita Trinidad an riga an cire ta. Canjaras kawai Amurka ke nema. Omar Gonzalez ya ci gida, aka ƙara musu ta biyu daga nesa, Pulisic ya rage ɗaya, shikenan 2-1, a daren kuma Panama ta ci wasanta Honduras ma ta ci nata, karon farko tun 1986 babu su a gasar. 'Yan ƙalilan ɗin da suka bi su can su suka ga wannan da idonsu suka hau jirgi suka koma aiki. Kuma abin mamaki a ƙasar nan dai Paul Caligiuri ya ci ƙwallon da ta kai su gasar 1990 bayan shekara arba'in ba su je ba.

Maganar da ka kawo ta cewa ana rinjayarsu a gida, ni a wurina ita ce ma dalilin ƙungiyar ba hujjar kushe ta ba. Mutanen da ake mayar wa gida waje dole su nemi juna. Shi ya sa hukumarsu ta riƙa kai wasan Meziko Columbus ta Ohio, ƙaramin fili mai cin mutum dubu ashirin da 'yan kai, ga sanyi, ga damar a bi tikiti a ga hannun wa ya shiga, suka yi ta cin 2-0 a 2001 da 2005 da 2009 da 2013 kafin Meziko ta karya abin a 2016. Ba su da yawa kamar yadda lissafin FIFA ke nunawa, wannan na baka, amma waɗanda ke akwai ɗin ba na bogi bane.

Maman Hanan:

Sannunku da hira. Baba Tsohon Gola ina gaisuwa. Ni dai ina ta karantawa ina jira inga wanda zai tuna da mata shiru, alhali in ana maganar Amurkawa sun cika filin wata ƙasa da gaske ba a lissafin takarda ba to tawagar matansu ce. Kuma a nan hujjar Sarkin Gardama bata aiki don babu wanda zai ce 'yan Meziko ne suka saya. Su kam kofi huɗu gare su, 1991 da 1999 da 2015 da 2019, kenan Ɗan Auta ga amsar tambayarka ta me za a je kallo.

A 2015 a Kanada aka yi, Vancouver kuwa daga Seattle tafiyar awa uku ce a mota, sai suka riƙa tsallako iyaka kamar me. Wasan da suka yi da Super Falcons a can wanda Abby Wambach ta ci ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, mutum sama da dubu hamsin ne a filin kuma in ka kalli hoton kamar a gidansu ake. A nan suka dawo wasan ƙarshe suka yi wa Japan 5-2, Carli Lloyd ta ci uku cikin minti 16. To ace wannan kusa ne. A 2019 fa da sai an tsallaka teku zuwa Faransa? Suka bi su Reims inda aka yi wa Thailand 13-0, suka bi su Paris da Le Havre, suka mamaye Lyon tun kafin a san wa zai kai wasan ƙarshe don sun riga sun sayi tikitin tun watanni. Ranar da suka ci Holan 2-0 'yan kallon suka ɗau waƙar a biya mata daidai da maza a gaban shugaban FIFA, kuma a 2022 hukumarsu ta sa hannu kan hakan.

Kalar masu bin matan ma daban ce, zaka ga uwa da uba da 'yan matansu 'yan shekara goma sha, kowacce da jesi mai sunan 'yar wasan da take so. Tushen abin wata doka ce ta 1972 da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har a wasanni, sai 'yan mata suka shiga ƙwallo da yawa, waɗanda suka buga jiya su ne iyayen da ke biyan jirgi yau. Amma su ma sun sha tasu a 2023, an tafi har New Zealand, wasu sun yi lissafin tawagarsu ce zata zo ta ɗaya a rukuni suka shirya wa Sydney, sai ta zo ta biyu aka tura ta Melbourne, can kuma Sweden ta cire su a bugun fenariti da ƙwallon da sai da na'ura ta tabbatar ta tsallake layi.

Ɗan Doha:

Ni a Katar nake aiki lokacin gasar don haka nawa abin da ido ya gani ne. Sun zo da yawa kam duk da daga New York awa goma sha biyu da wani abu ne a jirgi kuma gasar ta faɗo kan hutunsu na godiya da kowa ke komawa wurin iyaye, wasansu da Ingila washegarin bikin aka yi. Wasu a ɗakunan kwantena suka kwana wajen dala 200 duk dare, wasu a jiragen ruwan da aka jibge a tashar Doha, wasu ma a Dubai suka sauka suna zuwa suna komawa. Sauƙin da suka samu shi ne babu irin wahalar Brazil da Baban Khalifa ya faɗa, da katin Hayya, wato katin shaidar 'yan kallo, jirgin ƙasa kyauta ne kuma filayen duk kusa suke, Al Bayt ne ma mai ɗan nisa. Saura kwana biyu a fara aka ce babu giya a filaye, na ɗauka zasu tada hankali, sai ƙorafi kawai da barkwanci.

Ranar wasansu da Iran na shiga jirgi ɗaya da wani dattijo da ɗansa, dattijon ya ɗinka jallabiya rabi jan layi-layi rabi shuɗi da taurari, ya ɗora ƙyallen Larabawa a ka amma igiyar ta ƙi zama sai zamewa take yana tarowa, wani ɗan Iran da ke tsaye kusa da shi ya miƙa hannu ya gyara masa ya danna ta da kyau, suka ɗau hoto, kowa ya ce wa ɗan uwansa yau sai mun cire ku. Yaron kuma jesin Yunus Musah ne a jikinsa, da naga sunan na yi masa magana uban ya shiga bani tarihi wai a New York aka haife shi iyayensa 'yan Gana ne ya taso a Italiya da Ingila, kamar ni ne ban sani ba, na dai bar shi ya gama.

Amma gaskiya ɗaya ce, a wajen waƙa an bar su a baya. Da Wales aka yi 1-1 amma 'yan Wales da rabonsu da gasar tun 1958 sun danne su da murya, a Al Thumama kuwa ƙahonnin 'yan Iran ko maganar na kusa da kai baka ji, sai da Pulisic ya ci ya yi karo da gola aka wuce da shi asibiti sannan aka ji ɗuriyarsu. Waƙoƙinsu basu fi a ƙirga ba, daga kiran sunan ƙasa harafi-harafi sai wata da suke maimaita sun yi imani zasu ci. In ka ajiye su gefen 'yan Ajantina ko 'yan Maroko sai ka tausaya musu. Sai dai basu da rigima, Holan ta yi musu 3-1 suka tafa wa 'yan wasansu suka kama hanyar jirgi.

Sarkin Gardama:

To kun ji dai, Ɗan Doha ya gama min aiki. Baba Tsohon Gola na sallama maka na Azteca da na Couva, Maman Hanan ke ma na baki naki, amma 'yan ɗaruruwa ne fa ba dubu ɗari biyu ba, kar a sake kawo min wannan lissafin.

Ɗan Autan Hajiya:

Kai na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya, ita ta 2026 da aka ba su tare da Kanada da Meziko ai kenan hutu ne gare su babu tafiya, abokin aikin Baban Khalifa sai a gyara wa madam kicin?

Baban Khalifa:

Hhhh ƙanina baka san girman ƙasar nan bane. Wasannin rukunin Amurka a Los Angeles da Seattle aka sa su, duk a gaɓar yamma, wanda ke New York kusan kilomita 4,000 ne tsakaninsa da Los Angeles, awa shida a jirgi, ya fi wanda ya tashi daga Landan zuwa Moscow nisa. Ga otal ga tikitin da tsadarsa ta sa ƙungiyoyin magoya baya suka yi ta kuka. Dama tawagar bata da fili ɗaya da za a ce nan ne gidanta, yau Ohio gobe Texas jibi Kalifoniya, don haka ko wasan gida ma jaka ake haɗawa. Abin da ya rasa kawai shi ne wasannin neman gurbi tunda mai masaukin baƙi ba ya bugawa, kuma shi abin da ya fi so kenan. Na matan a Brazil ne 2027, na maza 2030 Maroko da Sifen da Fotugal, ya riga ya fara tambayata ko ana iya tsallakawa Tanja daga Sifen ta jirgin ruwa, nace masa ana yi. Kicin dai sai madam ta ƙara haƙuri.